Kaset ɗin Iya Rabi

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da Larabar da Direkta ya samu wasiƙa daga Turai ba. Ku da kuka shigo aikin kwamfuta yanzu, ku saurara ku ji irin mutanen da muka yi wa aiki.

A lokacin ina aiki a wani siber da ke bakin Zango, nan Wagadugu, 'yan shekaru bayan an rushe yawancin tsohuwar unguwar. Siber shago ne da mutum ke biya ya zauna gaban kwamfuta ya shiga intanet. Namu na da kwamfuta shida, huɗu ne ke tashi. Ni ce mai buga takardu. Sunan mai shagon Musa, amma ya hana kowa kiransa haka, sai dai Direkta. Ma'aikatan da yake yi wa direktancin kuwa biyu ne, ni da mai gadi.

Abin tinƙahonsa shi ne bulog ɗinsa, wato shafin intanet da yake zuba tsofaffin kiɗe-kiɗen rawa kyauta, kowa ya ɗauka. Ga yadda aikin yake: mutum ya kawo kaset, in sa shi a rediyon da muka jona da kwamfuta, in bar shi ya juya har ƙarshe, sannan in raba waƙoƙin in sa musu suna. Mai kaset ya dawo ya karɓi abinsa haɗe da faifan sidi. Direkta kuma ya ɗora waƙoƙin a shafi da sunansa a sama, kamar shi ya yi gumin. 'Yan Zango da ke Abidjan da Faransa su yi ta rubuto godiya, shi kuwa kansa ya yi ta kumbura. Kullum sai ya faɗa wa masu shan shayi a ƙofar shago cewa shi ne ma'ajin tarihin Zango, kuma ko ɗaure shi za a yi ba zai taɓa sauke waƙa ɗaya ba.

Ranar Litinin ta wancan makon wata tsohuwa, Iya Rabi, ta zo daga unguwar Dasasgo, inda ta koma wurin 'yarta bayan rusau. Mijinta marigayi Sanda makaɗin kalangu ne, a zamaninsa ba a biki a Zango ba shi. Ta kwance bakin gyalenta ta fito da kaset guda.

Ta ce, "'Yata, wannan kaɗai aka taɓa ɗauka nasa. A wani biki ne. Har muryarsa na ciki, yana kiran 'yan rawa da sunayensu. Jikokina ba su san muryar kakansu ba, rediyona kuma ya ɓata wajen kwashe kaya. Ki mayar mini da shi faifai."

Na ce, "Iya, ki dawo ran Juma'a, kaset da faifai duk za ki same su."

A ranar na juye shi cikin kwamfuta. Ban ɗora shi a shafi ba, ban kuma buga faifan ba, don faya-fayenmu sun ƙare. Na sa kaset ɗin cikin kwalin da muke tara na mutane.

Laraba da hantsi Direkta ya buɗe saƙonninsa ya tarar da wasiƙa da Faransanci daga wani kamfanin kiɗa. Ya sa na buga masa ita a takarda, ya fizge tun ban duba ba. Ya ga sunan lauya a sama, ya ga kalmar kotu a tsakiya, shi ke nan karatu ya ƙare. Sai zufa. Mutumin da ke jiran a ɗaure shi ya shiga zagaye shago yana leƙen titi.

Ya ce, "Hadiza, an gama da mu. Jandarma na hanya. Ki rufe bulog, ki goge komai, ki yi wa ordinatar formataji!"

Na ce, "Direkta, bari in karanta takardar tukuna."

Ya ce, "Ke kika fi ni Faransanci? Takarda irin wannan ce ta rushe mana gidaje. Yi abin da na ce, tutsuwit, yanzu-yanzu!"

Ordinatar ita ce kwamfuta, formataji kuma shi ne a share ta tas, ba a bar komai a cikinta. Na yi. Da hannuna na danna, kuma ba zan ɗora wa kowa wannan ba. Ina cikin yi ya ɗauki kwalin kaset ya zagaya bayan shago da mai gadi, wai kada a samu shaida. Sai da warin roba ya shigo mini hanci sannan Iya Rabi ta faɗo mini a rai. Na fita da gudu, na tarar kwalin ya riga ya narke ya dunƙule. Direkta na tsaye yana juya wutar da sanda, fuskarsa cike da gamsuwa kamar wanda ya ci yaƙi.

Washegari na tsinci wasiƙar a kwandon shara na karanta ta daga farko har ƙarshe. Waƙa ɗaya suke magana a kai, wani tsohon kiɗan rawa na ƙasar waje da Direkta da kansa ya kwaso daga shafin wani. Sun ce a sauke ta, in an sauke magana ta mutu. Ba su san Zango ba, ba su san akwai wani Sanda a duniya ba. Aikin minti biyu ne. Na kai masa takardar na nuna masa layin da yatsa. Ya kalle ta a karkace ya ce ai rigakafi ya yi, kuma ni mace ce, ban san sha'anin hukuma ba. Babu jandarman da ya zo, ba a ranar ba, ba bayanta ba.

Juma'a da safe ya hango Iya Rabi tana saukowa daga babur ɗin 'yarta, nan take ya tuna yana da muhimmin taro a unguwar Gunge, ya bi ta ƙofar baya. Ya bar ni da ita. Ta shigo da jikokinta biyu, an yi musu kwalliya, don ta ce a shagon za su fara ji kafin su tafi gida.

Na durƙusa na faɗa mata gaskiya duka, har da nawa laifin. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Da na gama sai ta tambaya, "Turawan ne suka ce a ƙona na Sanda?"

Na ce, "A'a, Iya. Ba su ma san da shi ba."

Ta ce, "To, wa ya ce?"

Ta kama hannun yaran, ta ce Allah ya ba mu alheri, suka fita. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban cika wata a shagon ba bayan haka. Shi kuwa Direkta, na ji daga baya yana ba da labari a majalisar masu shan shayi cewa manyan kamfanonin Turai ne suka haɗa kai suka rufe masa shafi saboda ya tsone musu ido. Har da masu tausaya masa.

Abin da na koya a wannan sana'a shi ne, masu yawan rantsuwa cewa suna kare kayan tarihi su ne na farkon cinna musu wuta in sun ji ƙafar hukuma. Masu haƙƙin waƙa sun nemi tasu guda ɗaya, mu muka hallaka na mutanenmu gaba ɗaya. Don haka duk takardar da ta zo, ku karanta ta har layin ƙarshe, ko maigida na ihu. Kuma in an ba ku amanar abin da babu irinsa, kada ku haɗa shi da kayan shago. Iya Rabi ta rasu bayan shekara biyu, jikokinta ba su ji muryar kakansu ba.