Gwaggo da Takarda Marar Suna

Ƙarfe bakwai da rabi Gwaggo take shiga ɗakin kwamiti, tun masu shara ba su gama ba. Ta buɗe tagogi, ta jera takardu a gaban kujeru goma sha ɗaya, sannan ta zauna a ƙarshen tebur inda iskar fanka ba ta kaiwa, da biro biyu don kada ɗaya ya ci amanarta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana sakatariyar kwamitin lafiya a majalisa, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Mu 'yan majalisa muka laƙaba mata Gwaggo, saboda kallon da take yi mana ta saman tabarau idan muka fara shirme. Ni na fi kowa shan wannan kallon, kuma na cancanta.

Mijin ƙanwata a ƙofar asibiti ya cika bayan haɗarin mota, ana jiran takardar 'yan sanda kafin a taɓa shi. A zaman makoki na yi mata alkawarin sai an yi dokar da za ta hana haka. Na kawo ƙudurin, jam'iyyarmu ke da rinjaye, na ɗauka an gama. Ashe matsalar a cikin gida take. Ni na dage sai an ɗaure duk likitan da ya kori mai rauni. Dogo, ɗan jam'iyyarmu da muka daɗe ba ma ga maciji, ya ce ba da shi ba, likitan ma tsoron tsarewa yake yi. Jam'iyya ta dare biyu, 'yan adawa suka naɗe hannu suna kallo. Har ta kai ko gaisuwa Dogo ya yi, sai mutanena su nemi a yi mata gyara. Ga zangon majalisa zai ƙare ranar Alhamis, ƙudurin da bai wuce ba kuwa ya mutu ke nan.

Ranar Litinin Gwaggo ta raba mana takarda guda. Bisa ƙa'ida, kowane gyara da sunan mai shi yake zuwa. Wannan babu suna ko ɗaya. Gyare-gyare tara ne daga ɓangarorin biyu, ta cakuɗa su, ta sake musu lamba.

Mai tsawatarwa na jam'iyya ya juya takardar gaba da baya. "Gwaggo, ina sunayen?"

"Suna aljihun teburina, ranka ya daɗe. Ku gama zaɓa, sai in kawo."

"Kin san wannan zai iya jawo miki takardar tuhuma?"

"In ta zo zan karɓa. A fara da na ɗaya."

Muka fara. Na shida cewa ya yi duk likitan da ya karɓi mai rauni ba za a tsare shi a kan haka ba. Na buga tebur na ce, "Wannan mai hankali ne ya rubuta!" don na tabbata na mutanena ne. Dogo kuma ya goyi bayan na uku, wato a janye lasisin asibitin da ya rufe ƙofa, bai san daga ɓangarena ya fito ba. Da aka zo na tara, ɗaurin da nake ta haƙilo a kai, hannu biyu kacal suka tashi, kuma duka nawa ne.

Gwaggo ta kawo sunayen. Na shida na Dogo ne. Ya gyara hula ya ce, "Ɗan uwa, ɗan maimaita min maganar mai hankalin nan."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na bi ta har ofis na ce, "Gwaggo, kin yi min wayo. Ni fa alkawari na ɗauka."

Ta cire tabarau. "Me ka alkawarta wa ƙanwarka? A ɗaure mutum, ko a buɗe ƙofa? In ka dage, ranar Alhamis hannu rabbana za ka je mata. Ni ba ni da ƙuri'a, kai ke da ita."

Na haƙura da batun ɗaurin. Ranar Laraba ni da Dogo muka miƙe tare a zauren majalisa, jam'iyya ta bi bayanmu baki ɗaya, dokar ta wuce. Mu aka ɗauka hoto. Ita kuma takardar tuhumar ta zo, tana cikin fayil ɗinta har yau, kuma babu ɗayanmu da ya tashi ya kare ta. Wannan kunyar ba ta bar ni ba.

Gwaggo, ke ce kika tilasta mana karanta magana kafin mu duba fuskar mai ita. Ke ce mai haɗa kan masu taurin kai, ba da tsawa ba. Na gode, kuma na makara da godiyar. Ga wanda zai gaji kujerarki, da duk ɗan majalisar da ke ganin sassauci faɗuwa ne, ina cewa ku yi koyi da ita, ko da za ku sha tuhuma.

Watan jiya ƙanwata ta kira ni daga asibiti. Ta raka maƙwabciyarta da babur ya buge.

"Yaya, sun shigar da ita. Ba su tambayi takarda ba." Sannan ta ce, "Wa zan yi wa godiya?"

Lambarki na ba ta, Gwaggo. In ta kira, don Allah ki ɗauka.