Wayar Jamalu a Buhun Shanshera

Jamaluddeen, wanda kowa a ƙauyensu na bakin kanal ɗin Bunkure yake kira Jamalu, manomi ne kamar mahaifinsa: shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Waya ba ta dame shi ba. Huɗu ya riƙe a shekara goma sha biyu, duk na hannu. Abin da bai taɓa sauyawa ba shi ne wani ɗan memori da bai kai farcen yatsa ba, wanda yake cirewa daga tsohuwar waya ya sa a sabuwa. Muryar amininsa Lukmanu ce a ciki.

Lukmanu shi ne mai shagon caji na farko a ƙauyen. Yana da ƙaramin janareta da talabijin mai ƙeya, kuma in ya shiga Kano yakan dawo da faya-fayan katun ɗin Japan, irin wanda samarin yanzu suke kira anime. Ba mai jin yaren, rubutun Turancin da ke ƙasa kuma gudu yake. Sai Lukmanu ya rage sauti ya riƙa yi musu magana da bakinsa. Bayan la'asar a cika benci, ƙafafu duk taɓo. Jarumi mai gashi tsaye ya zare takobi, Lukmanu ya ce ai rigimar layin ruwa ce, an tare masa tun da safe. Dodo ya faɗo daga sama, ya ce dillalin tumatir ne ya zo karya farashi. Har dattawa sukan tsaya a bakin ƙofa, wai jiran caji suke. Jamalu, da ba ya iya ba da labari amma ya iya saurare, shi ne ya riƙa ɗauka da 'yar wayarsa. Guda goma sha ɗaya ya tara kafin zazzaɓi ya ɗauke Lukmanu cikin kwana shida.

Yanzu shagon ya koma na sayar da taki. Kowane saurayi da wayarsa da abin kunnensa, yana dariya shi kaɗai. Jamalu yakan kunna nasa idan ya zauna jiran ruwa ya ratsa kunya, bai kuma taɓa tunanin kwafa shi wani wuri ba.

Bara, bayan an yi girbi, ranar layinsu ta ba da ruwa, ya sunkuya zai tsoma bututun da ake janyo ruwa da shi, wayar ta sulale daga aljihu ta faɗa kanal. Ya lalubo ta. Ya sha jin cewa jiƙaƙƙiyar waya a shinkafa ake binne ta, ga shi ruwan layi ba ya jiran kowa. Ya ruga gida, ya cusa ta can cikin wani buhun shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, da ba a ɗinke ba a zaure, ko memorin bai tsaya cirewa ba, ya koma gona.

Da ya dawo da yamma zauren wayam. Yayansa Hammadu ya samu mota mai zuwa Kura, ya ɗinke buhunan ya loda.

"Yaya, har da na bakin ƙofa?"

"To shi ɗan sarki ne da za a bar shi?"

Washegari da sassafe Jamalu ya hau babur sai Kura. Dillalin da aka kai wa kayan ya ce an rarraba buhunan, amma biyu wata mai turara shinkafa ce ta saya, Hajara, a bayan injinan casa. Jamalu ya san aikin: a jiƙa shanshera ta kwana a duro, a turara ta a wuta, sannan a shanya.

Ya tarar da ita tana baza shinkafa a tamfol, tururi na tashi. Ya gaishe ta, ya yi bayani. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da wayar, ta kumbura, gilashin ya yi fari.

"Ɗan nan, na dafa maka ita. Sai dai ban sa gishiri ba."

Wani mai gyaran waya a bakin titi ya zaro memorin da ɗan hantsaki, ya goge, ya sa a kwamfutarsa. Ya daɗe yana dannawa. Cikin goma sha ɗayan, takwas sun tafi, in ji shi, uku ne suka buɗe. Ya kunna ɗaya don gwaji. Sai ga Lukmanu, da ƙarar janareta a bayansa, yana rantsuwa da muryar wata gimbiya cewa ba za ta auri wanda bai iya dashen albasa ba. Mai gyaran ya tuntsire da dariya, ya tambaya wane ne wannan, a ina yake aiki. Jamalu ya faɗa masa.

Mutumin ya yi wa mamacin addu'a, ya tambaya a memori nawa za a kwafa.

Jamalu ya ce uku. Ɗaya nasa, ɗaya a ajiye a akwatin matarsa, ɗaya kuma na mahaifiyar Lukmanu, wadda sai a lokacin ya tuna ba ta taɓa ji ba.