Kakata a cikin kufai

Ba na jin zan taɓa manta ranar da muka koma gida bayan ruwan da ya ci Maiduguri ya janye. Abin da idona ya fara sauka a kai da muka shiga lungunmu shi ne matakalar gidan maƙwabtanmu. Tana tsaye ita kaɗai, ta hau sama ba ta kai ko'ina ba, don ɗakin da take kaiwa ya tafi.

Na tsaya ina kallonta saboda na taɓa ganin irinta. Kafin ambaliyar, malamin tarihinmu ya nuna mana hotunan wani tsohon birni na mutanen Lisiya, a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya. Ya ce girgizar ƙasa ce ta nutsar da wani ɓangarensa cikin teku. Akwai matakala mai gangarawa cikin ruwa, da kabarin dutse tsaye a ruwan, murfinsa kamar kifaffen kwalekwale. 'Yan aji suna ta hamma, ni kuwa daga kujerar baya ina kallon wani ɗan gurbi a jikin bango, ina tunanin ko nan ake ajiye fitila. Har na ce a raina wata rana sai na je. A lokacin, kufai abin sha'awa ne a wurina.

Namu kufan wari yake yi. Mun wuni muna kwashe laka da faranti, don ko shebur ba mu da shi. Bayana ya ƙage, yatsuna suka yi fari. Kakata ta zauna a kan kifaffen turmi a cikin abin da ya rage na ɗakinta, tana kankare kaskon turarenta da tsinke. Lafayoyinta duk ruwa ya tafi da su. Rigar maza ce a jikinta mai gajeren hannu, wadda aka raba a sansani. Matar da ko zaure ba ta leƙawa sai ta naɗa lafaya ta sha turare.

Bayan la'asar sai ga malamin namu, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana bin gidajen ɗalibansa yana jaje. Shi ma ya rame, ya ce littattafansa sun zama kunu. Ya gaida Kaka, sannan ya juyo gare ni.

"Kin tuna birnin nan da na nuna muku? To ga namu. In ba a ɗauki hoto ba, wata rana za a ce ba a yi ba."

Ya ɗaga wayarsa saitin ɗakin da babu rufi, da Kaka a tsakiyarsa.

"Ke," in ji Kaka ƙasa-ƙasa, "mijin naki ne wannan mai leƙen tsofaffi?"

Wasa take yi, amma na ga ta ja wani jiƙaƙƙen buhu tana neman rufe damatsanta, buhun kuma bai kai ba. Ba za ta iya hana malami ba. Ni kuwa a aji ko hannu ban taɓa ɗaga masa ba.

Ba mugunta ya yi nufi ba, har yau ina ganin girmansa. Amma a wurin na gane cewa kufai ba ya zama abin kallo sai mai shi ya tafi. Muddin yana zaune a ciki, ɗakinsa ne, ko da babu rufi.

Na taka cikin lakar na tsaya tsakanin wayar da Kaka, kaina a sunkuye.

"Malam, don Allah," na ce, "ka ɗauki bangon, ka ɗauki ƙofar. Amma ka ɗan juya baya tukuna, in aro mata mayafi."