Zaɓen Monita a Aji Shida

Muna aji shida a firamaren Dangora, wajen ƙarshen shekarun tamanin, Malam ya ce mu zaɓi monita. Wata Bafulatana da ke takowa daga ruga kullum ta miƙe ta ce tana so.

Wani yaro ya ce, "Malam, ai a Nijar aka haife ta, lokacin da suka tafi kiwo. Ba 'yar ƙasa ba ce."

Aji ya fashe da dariya, amma ita ko kanta ba ta sunkuyar ba. Malam ya tambaye ta, "Babanki ɗan ina ne?"

"Ɗan Najeriya ne, daga zuriyar Fulani Ba'awa," in ji ta.

Malam ya juyo gare mu. "A dokar ƙasar nan, wanda uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, to ɗan ƙasa ne tun haihuwa, ko a ina aka haife shi. In ta girma ta cika sharuɗɗa, shugabancin ƙasa ma tana iya nema."

Ta ce, "Wannan sai nan gaba, Malam. Yanzu dai a ƙirga hannaye."

Ta burge ni ƙwarai, har na riga kowa ɗaga nawa. Ita ta ci zaɓen.