Ɗaya Cikin Huɗu

Mai Ƙwai ake ce masa, don tun yana saurayi ƙwai yake sayarwa a wata 'yar rumfa a bakin tasha. Mutum ne mai ji da kansa wajen lissafi, ga taurin kai. In an sauke masa kaya, ya san ba a rasa fasasshe ko ruɓaɓɓe a kowane kiret. Sai ya kaɗa wanda yake zargi a kunne, ya tsince marasa kyau ya ajiye gefe, sauran kuwa har rantsuwa zai yi maka a kansu. Kuma bai taɓa jin kunya ba.

Ɗansu na fari da sikila ya zo. Kuka ba dare ba rana, hannu da ƙafa a kumbure. Da aka gwada jinin Mai Ƙwai da na matarsa, likita ya ce dukansu suna ɗauke da ita, kuma a haihuwarsu ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da ciwon. Yaron bai kai ga shiga makaranta ba ya rasu.

Matar ta ce ita ta haƙura da haihuwa. Shi kuwa ya zaunar da ita, ya jera ƙwai huɗu a kan tabarma, ya janye ɗaya. Ya ce ai nasu ɗayan ya riga ya fita, ukun da suka rage lafiyayyu ne. Ba yaudararta ya yi ba, abin tausayin ke nan, har cikin ransa haka ya fahimta. Ita ma ta yarda, don ba ta taɓa ganin lissafinsa ya kuskure ba.

Suka sami 'ya mace ɓul-ɓul. Ya riƙa kai ta rumfa yana nuna wa direbobi, bakinsa har kunne. Tana fara rarrafe yatsunta suka kumbura. A lokacin kuwa matar ta riga ta sami wani cikin.

Aka kwantar da yarinyar a asibiti. Ya tare wata nas a bakin ɗaki.

"Ɗaya cikin huɗu kuka ce. Mun ba da ɗayan, da hannuna na binne shi."

"Baba, kowane ciki sabon lissafi ne," in ji ta a hankali. "Wanda ke ciki bai san yayansa ya rasu ba. Wasu su haifi huɗu lafiya lau, wasu kuma duk huɗun su zo da ciwon."

Ya koma ciki. Matarsa na zaune a bakin gado, yarinyar ta gaji da kuka ta yi barci. Ta ji duk abin da aka faɗa. Ba ta yi masa gori ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Hannunsa kawai ta kama ta ɗora a kan cikinta.

"Maigida, wannan fa?"

Ya sunkuya ya kara kunne, yadda ya saba da ƙwai. Ɗan ya motsa. Ya daɗe a haka bai ɗago ba.

"Ban sani ba," ya ce.