Ƙusoshin Doña Ercilia

A garin Tolhuin mai ƙanƙara kowa ya san Doña Ercilia Barría da abu biyu: burodin da take gasawa, da bakinta da ba ya gajiya. Shekara da shekaru tana zama gefen mijinta Eladio a tseren motoci na kan ƙanƙara, ta ƙanƙame ƙofa tana ta faɗa wai ya rage gudu. Ashe ba tsoro ba ne, ƙyashi ne. Sitiyarin take so.

Bana idon Eladio ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Nan da nan ƙaninsa Nibaldo ya fara zagaya motar yana shafa ta kamar tunkiyar sayarwa. Sai Eladio ya yanke magana: ga sababbin tayoyi, Ercilia ta dasa musu ƙusoshin da ke cizon ƙanƙara, ta fita da su a hankali har su zauna. In ta dawo da ƙusoshin cif, ita ce direba a tseren ran Lahadi. In ta zubar, mota ta Nibaldo ce.

Zo ka ga murna wajen tsohuwar nan! Ta mirgino tayoyin har gindin murhu, don roba mai sanyi ba ta karɓar ƙusa. Tana dasawa tana waƙa, har da 'yar rawa. Burodin makon nan kaf warin taya yake, masu saye suka ci suka yi gum.

Ranar gwaji suka hau hanyar tafki, sanyi kamar zai tsinke kunne. Eladio na gefe rungume da ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke sha.

"A hankali, tsohuwa."

"Yau kai ke cewa a hankali? Duniya juyi-juyi."

Ta daure, wallahi ta daure. Makiyayi a kan doki ya wuce su, ta yi masa murmushi. Sai ga Nibaldo a a-kori-kurarsa, ya sauke gilashi.

"Matar Yaya, gawa kika ɗauko ne? Ko in turo ku?"

Ya danna ham ya wuce. Ai kuwa Ercilia ta take totur har ƙasa. Mota ta yi ƙara, mate ya kife a cinyar Eladio, ita kuwa sai dariya take kamar yarinya. Ta wuce Nibaldo a kwana ta bar shi cikin farin garin ƙanƙara. Ba ta taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Sai da ta tsaya bakin tafki ta tuna da ƙusoshin. Eladio ya sauka, ya cire safar hannu, ya durƙusa yana laluben taya da yatsu, tunda ido ya ƙi. Ita tana hango ramukan ƙusoshin da suka zube tun daga tsaye. Ta ji kamar ta fashe da kuka.

"Kira ƙaninka," ta ce. "Na zubar."

Eladio ya zura hannu a aljihun rigar sanyi, ya zaro wani ƙullin leda, ya danƙa mata. Ƙusoshi ne sababbi fil, ɗumin jikinsa na nan a kansu.

"Tun safe suke aljihuna," ya ce. "Ni fa na san wadda na aura. Mu je gida ki hura murhu."