Matar da Na Kira Umma

Wata Laraba ce a damunar da nake aji uku. Ina dawowa daga kai wa Baba fura gona, na tarar da farar mota a ƙofar gidanmu a Kusada, yara sun yanyame ta. 'Yan fim ne daga Kano, sun roƙi aron tsakar gidanmu saboda rumbunanmu da tsohuwar rijiya. Zazzaɓi ya kwantar da yarinyar da suka taho da ita, sai mai ba da umarni ya dube ni da ƙwarya a kai, ya tambayi Inna, kakata, ko zan iya kuka in an ce in yi. Inna ta ce tun da uwata ta rasu babu abin da na fi iyawa.

A labarin aka ba ni uwa, wata doguwar mata mai ƙamshin humra. In an tashi hutu takan zaunar da ni tsakanin ƙafafunta a inuwar darbejiya, ta tsefe mini kai, ta yi mini kitso, ta ba ni loma daga kwanonta. Ko bayan an kashe kyamara Umma nake ce mata, ba ta kuma taɓa hana ni ba. Daga nan duk hutun makaranta Baba yakan goya ni a babur zuwa Kankiya, ya danƙa ni ga direban 'yan fim ɗin don in fito a wani sabon fim. A makaranta ƙawayena ba sa sa ni a 'yar gala-gala sai na yi musu kukan fim. Ina daka, ina jan ruwa, ina roron gyaɗa, amma hankalina yana kan ranar da zan sake ganinta.

Sai na yi tsawo. Hutu ya zo ba a aiko ba, na bayansa ma shiru. Daga baya muka ji sun sami wata ƙarama. Na daina cin abinci, Inna ta riƙa tura mini kwano tana cewa, "Ci, girma ba laifi ba ne."

Bara na ga Umman tawa ta fim a wani biki a Kankiya, ta manyanta, tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunana da na garinmu. Ta riƙe hannuna da fara'a, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ki yafe ni ɗiyata, yaran da na haifa a fim suna da yawa."

Yanzu ɗinki nake yi a zauren gidan mijina. 'Ya'yana sukan nemo tsoffin fina-finan a waya, su yi ta dariyar ramata da giɓin haƙorina, ni kuwa hannunta nake kallo a kafaɗata. Ban ji haushinta ba. Aikinta ta yi da kyau, ni ce ban san aiki ba ne.